TSOHUWA A BIRNIN LONDON: BAƘUWA CE KO MAI RENO?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya gwama haƙƙin iyaye da haƙƙinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da take yawan zuwa wannan fili daga attajirai da ma'aikatan gwamnati waɗanda Allah Ya nufa suka ilmantar da 'ya'yansu har neman abinci ya kai su ƙetare. Siffar tambayar ɗaya ce ko da bakin ya bambanta. Ɗa ko 'ya suna zaune a Ingila, an kusa haihuwa, an aiko da kuɗin jirgi ana so tsohuwa ta je ta zauna wata uku ko wata shida, wani lokaci ita da maigidanta. To, mene ne matsayin wannan tafiya a wurin Shari'a, kuma wane ne yake bin wani haƙƙi a cikinta?

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021 ta nuna akwai mutum wajen 270,000 waɗanda aka haifa a Nijeriya, Musulmin yankin kuma sun kai miliyan 3.9. A cikinsu akwai 'ya'yanmu, likitoci da masu jinya da malaman jami'a da ɗalibai. Tun daga watan Yuli na 2012 Gwamnatin Ingila ta tsananta sharuɗɗan kai tsofaffin iyaye su zauna dindindin, har ya zama da wuya ƙwarai a sami izni. Saboda haka ƙofar da ta rage wa mafi yawan mutane ita ce bizar ziyara, wadda ba ta yarda mutum ya wuce wata shida a zuwa ɗaya ba. A cikin waɗannan 'yan watanni ne kaka da jika za su san juna, ko kuwa su rabu kamar yadda suka haɗu.

ASALIN ZIYARAR

Mu fara da cewa ziyarar nan zumunci ce, zumunci kuwa ibada ne, kuma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Annabawa sun riga mu. Imamu Buhari ya ruwaito yadda Annabi Ibrahim ya riƙa tasowa daga ƙasar Sham zuwa Makka domin ya duba halin da ɗansa Annabi Isma'ila yake ciki bayan ya yi aure a cikin ƙabilar Jurhum. Annabi Yusufu kuma, da Allah Ya ɗaukaka shi a Masar, sai ya aika a kawo masa mahaifinsa Annabi Yakubu da iyalinsa duka. Mai karatu ya duba Suratu Yusuf, aya ta 99 da ta 100, ya ga irin tarbar da ya yi musu: ya jawo iyayensa jikinsa, ya kwantar musu da hankali game da shiga baƙuwar ƙasa, sa'an nan ya ɗora su a kan gadon sarauta. Wannan shi ne ma'aunin da muke so kowane ɗa mai kiran iyayensa ƙasar waje ya auna kansa da shi.

Matsayin kaka a cikin fiƙihunmu ma sananne ne. Shaihu Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan, mai littafin Risala wanda muka karanta a zaure tun muna yara, ya sanya kaka a bayan uwa kai tsaye wajen cancantar riƙon yaro, kafin 'yar'uwar uwa. Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kakansa Abdul Muɗɗalibi ne ya riƙe shi daga shekara 6 zuwa 8 bayan rasuwar mahaifiyarsa. A al'adarmu kuwa, da can yarinya ce take komawa gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a ɗakin uwarta, ta yi arba'in, in lokacin yaye ya zo a kai yaro wurin kaka. Yanzu zamani ya juya abin, tsohuwar ce take hawa jirgin sama ta bi 'yarta ko surukarta. Babu laifi a cikin wannan juyi, muddin ba a juya haƙƙoƙin tare da shi ba.

INDA AKE ZALUNTAR TSOHUWA

A nan ne gizo yake saƙa. Gidan renon yara a Ingila yana da tsada ƙwarai, miji da mata kuma duk suna aiki, wani na rana wani na dare. Sai lissafi ya nuna musu cewa kuɗin jirgin tsohuwa bai kai kuɗin reno na 'yan watanni ba. Da baki ana cewa, "Hajiya, ki zo ki huta, ki ga jikokinki," a zuci kuwa mai aiki ake nema wadda ba a biyanta. Ta sauka, a yi murna kwana uku, daga nan kowa ya kama gabansa. Da sassafe a rufe ƙofa a bar ta da jariri da wani mai rarrafe a cikin gida mai ɗaki biyu a hawa na biyar, ba ta jin Turanci, ba ta san hanya ba, babu maƙwabciyar da za ta yi wa sallama ta katanga. Idan lokacin sanyi ne, a watan Disamba rana ba ta fitowa a London sai wajen ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Matar da a Kano ko Katsina ko Zariya gidanta ba ya rabuwa da masu gaisuwa, ita ce ake nema a kowane biki da suna, sai ga ta tana kwana tana tashi ba ta yi magana da babban mutum ba sai 'yan mintoci. Kunya ta hana ta faɗi, sai dai in an buga waya daga gida ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Ya kai ɗa, ka ji tsoron Allah. A cikin hadisin nan na Mala'ika Jibrilu an ambaci haihuwar da baiwa za ta yi wa uwargijiyarta a cikin alamomin tashin Alƙiyama. Malamai sun yi wa maganar fassarori, amma wadda Hafizu Ibnu Hajar ya rinjayar a cikin sharhinsa na Buhari ita ce saɓa wa iyaye zai yawaita har ɗa ya riƙa mu'amala da mahaifiyarsa kamar yadda ubangida yake yi da baiwarsa, yana sa ta aiki yana wulaƙanta ta. Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, ta keɓance lokacin tsufan iyaye da ambato, ta hana ko da 'yar kalmar ƙosawa. To, wanda aka hana shi tsaki, ina ga ya ɗora musu wanki da girki da rainon dare?

Hukuncin a fili yake. Renon yaro da ɗawainiyarsa suna wuyan iyayensa, ciyarwa tana kan uba. Babu komai daga cikin wannan da ya wajaba a kan kaka alhali iyayen suna raye da lafiyarsu. Abin da ta yi kyauta ce daga gare ta, tana da lada, kuma mafi yawan iyayenmu mata da farin ciki suke yi. Amma kyauta ba ta halatta sai da daɗin ran mai bayarwa, abin da aka karɓa ta hanyar kunya kuwa malamai sun hana shi. Saboda haka wanda yake bukatar taimako ya faɗa wa mahaifiyarsa gaskiya tun tana gida: ga yawan yaran, ga lokutan da za a bar ta ita kaɗai, ga tsawon zaman. In ta yarda da saninta, madalla. In ta ce ba za ta iya ba, ya ci gaba da gayyatarta ziyara, ya nemi mai reno da kuɗinsa. Kada kuma a manta da tsohon da aka baro a gida. Matar aure ce, mijinta yana da haƙƙi, ba ta fita wata shida sai da yardarsa, kuma ba adalci ba ne a ɗauke wa dattijo mai ciwon sukari matar da ta san abincinsa da maganinsa domin a rage kuɗin reno a London.

Har wa yau, wanda ya kira iyayensa ya ɗauki nauyin lafiyarsu. Tun daga watan Afrilu na 2015, baƙon da ya zo ziyara in aka kwantar da shi a asibitin gwamnati a Ingila ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin maganin, ko da yake duba mutum a sashen gaggawa kyauta ne. Ya kamata tsoho ya ga likitansa kafin tafiya, ya tafi da isasshen magani da takardar likita, ɗa kuma ya yi tanadin abin da zai biya in ciwo ya zo. Tafiya daga Abuja zuwa London awa shida ce da ɗoriya in jirgi bai tsaya ba, in kuwa za a sake jirgi a Alƙahira ko Istanbul, to, kada a saki tsohuwar da ba ta karanta boko ita kaɗai. Muharrami ya raka ta shi ne ya fi dacewa da Sunna, shi ne kuma ya fi kwanciyar hankali.

ABIN DA YA SHAFI IBADARSU

Babban abin da yake damun tsofaffinmu a can shi ne salla, kuma wajibi ne ɗa ya warware musu tun kafin su tambaya. A mazhabar Imamu Malik, matafiyi yana yin ƙasaru a hanya, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, hukuncin tafiya ya yanke. Saboda haka wanda ya je zaman wata uku zai cika sallarsa raka'a huɗu tun ranar da ya sauka, in Ramalana ya same shi can zai yi azumi matuƙar yana da lafiya, namiji kuma Jumma'a ta hau kansa in masallaci yana kusa. Ɗan da aiki ya hana shi kai mahaifinsa masallaci ya nemi wanda zai kai shi.

Lokutan salla kuma ba irin namu ba ne. A ƙasar Hausa bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta wajen awa ɗaya da rabi ne. A London kuwa, a watan Yuni rana tana fitowa tun kafin ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli hasken shafaƙi ba ya ɓacewa sarai har alfijir ya keto. Azumin 2016 ya faɗo a wannan lokaci, mutanen can suka riƙa yin wajen awa 18 ba ci ba sha. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kan wannan mas'ala a shekarar 1406 ta Hijira, watau 1986, ta yi bayanin yadda za a ƙaddara lokacin Lisha da Asuba a ƙasashen da alamominsu suke ɓacewa. Majalisar Fatawa ta Turai kuma ta ba da sauƙin haɗa Magariba da Lisha a irin waɗannan kwanaki ga wanda jira zai ƙuntata masa. Shawararmu ga dattijo ita ce ya bi jadawalin masallacin unguwar da ya sauka, kada ya tsaya a kan agogon Kano, kada kuma ya zargi ɗansa da wasa da addini domin ya ga abin da bai saba gani ba. A nuna masa alƙibla, wadda a can take kudu maso gabas, a keɓe masa wuri mai tsarki, a tabbatar masa da halaccin naman da ake ci. Waɗannan suna gaba da yawon kallon gadoji da kantuna.

HAƘƘIN MASU GIDA A KAN BAƘI

Yanzu kuma sai mu juya ga tsararrakinmu da yayyenmu, domin adalci ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Ya kai Alhaji, ya ke Hajiya, gidan nan da kuka sauka gidan ɗanku ne da matarsa, ku kuwa baƙi ne masu girma. Sau da yawa mun ji auren da ya zauna lafiya shekara biyar ya girgiza a cikin wata biyu na ziyara. Uwar miji ta ga ɗanta yana wanke kwano ko yana goya yaro, sai ta ce an mallake shi. Alhali kuwa Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah yana taya iyalinsa aikin gida, kuma a ƙasar da babu ƙanne babu 'yan aiki, in miji bai taimaka ba wa zai taimaka? Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane, Suratun Nur kuma ta koyar da neman izni kafin shiga ɗaki. Hidimar da suruka take yi wa iyayen mijinta kyautatawa ce da ake gode mata a kai, Shari'a ba ta ɗora mata ita a matsayin bashi ba. Haka kuma miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa zuwa ganinta, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, don haka kada a ce kullum dangin miji ne kawai za a aika wa kuɗin jirgi.

Wani zai kafa hujja da cewa ai Annabi Ibrahim, a ziyararsa ta farko, ya bar wa ɗansa saƙon da ya sa ya saki matarsa. Amsa ita ce wannan Annabi ne mai samun shiriya daga Ubangijinsa. An ruwaito cewa wani mutum ya gaya wa Imamu Ahmad ɗan Hanbali cewa mahaifinsa ya umurce shi ya saki matarsa, sai ya hana shi. Da mutumin ya kawo labarin Sayyidina Umar da ɗansa Abdullahi, sai Imamu ya nuna masa cewa sai in mahaifin nasa ya kai matsayin Umar. Wanda ya ga abin gyara ya keɓe ɗansa ya yi masa nasiha a asirce, kada ya dawo gida ya baza a dangi.

Akwai kuma al'adun da tsohuwa take tafiya da su da kyakkyawar niyya amma suna da illa. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka nuna dangantaka tsakanin ciwon zuciyar da yake kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta da wankan tafasasshen ruwa. Addini bai wajabta ko ɗaya daga cikinsu ba, abin da ya tabbata yana cutarwa kuwa barinsa wajibi ne. Kaciyar mata laifi ce a dokar Ingila tun 1985, ana ɗaure mutum a kanta. Dukan yaro ma an hana shi baki ɗaya a Scotland tun 2020, a Wales tun 2022, a Ingila kanta kuma dukan da ya bar tabo yana iya jawo hukuma ta shigo gida, har a kai ga raba yaro da iyayensa. Bulala ɗaya ta kaka tana iya zama sanadin baƙin cikin shekaru. Haka nan kilishi da dambun nama da man shanu, doka ta hana shiga da su daga Nijeriya, ɓoye su a cikin zannuwa kuwa ha'inci ne. Biza ita kanta alkawari ce, aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta yi umurni da cika alkawura. Wanda aka ba wata shida ya fito kafin su cika, kada ya karɓi aikin albashi, kada kuma ɗa ya cika takarda da ƙarya. Musulmi ba ya shiga ƙasa da aminci ya yi yaudara.

RIBAR TAFIYAR

In an kiyaye waɗannan, to, ina ribar take? Tana wurin jikoki. Yaron da aka haifa a Manchester ko Birmingham yana wuni a makaranta da Turanci, ya dawo ya tarar da iyaye sun gaji, su ma da Turancin suke sallamarsa domin ya fi sauri. Kaka ce kaɗai a gidan wadda ba ta da wani harshe sai Hausa, kuma ita kaɗai ce take da lokaci. Wannan rashin Turanci nata, wanda ake gani kamar naƙasa, shi ne jarinta. Kada a tsaya ana yi musu tafinta a kowace kalma, a bar su su lalubi juna. Ta kira jikanta mijinta, ta kira jikanyarta kishiya, su yi wasan nan na kaka da jika wanda babu irinsa tsakanin ɗa da mahaifi. Ta koya musu gaisuwa da durƙuso, da cin abinci da dama, da addu'ar barci, ta faɗa musu sunayen kakanninsu da garin da suka fito. Kakansu namiji ya riƙe hannunsu zuwa masallaci, ya biya musu Fatiha da ƙananan surori. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya ga tsoho yana tashi alwala da asuba cikin sanyi ya ga abin da wa'azi ba zai koya masa ba.

Hanyar kuwa tausasawa ce. Manzon Allah ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habisu, da shi Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya gargaɗe shi cewa rashin jin ƙai yana hana mutum samun jin ƙai. Jikan da ya kalli kakarsa cikin ido yana magana, ko ya miƙa mata abu da hagu, ba rashin kunya yake nufi ba, abin da ya taso ya gani ke nan. In aka tarbe shi da faɗa da kiransa Bature, zai gudu daga kakar da harshenta da duk abin da ta zo da shi. In aka jawo shi da dariya da tatsuniya, shi da kansa zai nemi a kawo shi gida hutu.

Amma tsohuwar da aka gajiyar da wanki da rainon dare ba ta da sauran ƙarfin tatsuniya. Saboda haka ɗan da ya mai da mahaifiyarsa 'yar aiki ya yi hasara biyu: ya tauye haƙƙinta, ya kuma hana 'ya'yansa gadon da ba a saye da fam. Ya ɗauki hutu a makon saukarta da makon tafiyarta, ya zauna ya yi hira da ita kowane dare ko da rabin awa ne, ya haɗa ta da matan Hausawa da ke garin, ya buɗe mata waya ta ji muryar 'yan'uwanta. Ranar da ta ce tana son gida, ya sake mata tikiti ba tare da ɓata fuska ba. Sa'an nan shi ma ya sani bashin ziyara yana kansa, domin ƙarami ne yake zuwa wurin babba, kuma akwai ranar da ƙafar tsoho ba za ta ƙara iya hawa matakalar jirgi ba.

Allah Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, Ya shirya mana zuriyarmu a duk ƙasar da suke, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ne Mafi sani.